DARASI: Duwatsun Adar da baƙi, mu auna kafin mu gina

 Darasinmu na yau a kan duwatsu yake.

Da yawa daga cikinmu suna ganin dutse ba shi da wani amfani. Ba ya fid da hatsi. Yana dakushe hauya. Sai dai a sare itacen da ke kansa, ko a fasa shi a sayar da tsakuwa. Amma akwai wani amfanin da ba mu cika tunawa da shi ba. Akwai mutanen da ke barin gidajensu, su biya kuɗin mota, don kawai su ga dutse ko tabki ko tsuntsaye. Wannan shi ake kira yawon buɗe ido.

Yawon buɗe ido yana kawo kuɗi a gari. Yana kuma iya kawo bashi da rigima. Gari yana iya cin bashi ya gina masauki, a shekara ko baƙo ɗaya bai zo ba. Saboda haka dole ne a auna wuri tukuna, kamar yadda mai gina rijiya yake duban ƙasa kafin ya sa diga. A wannan darasi za mu koyi abu uku: ƙidaya, awo da tsari.

Abin da ƙasarmu take da shi

Ƙasar Adar ƙasa ce ta tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, da duwatsu, da kwaruruka masu albarka. Duwatsunmu ba su kai na Abzin tsawo ba. A can, dutsen Bagazan ya kai mita 2,022, shi ne mafi tsawo a Nijar. Namu gajeru ne, yaro ma yana hawa. Wannan ba aibi ba ne, domin tsoho da ɗan lakkol duk za su iya kai wa sama.

Ga wasu daga cikin abubuwan da ke kewaye da mu.

Na ɗaya, kwarin Majiya. Ruwansa yana gangarowa daga wajen Buza, ya bi ta ƙasar Malbaza da Ƙwanni, ya ƙare a tabkin Kalmalo, cikin Najeriya. A kansa aka yi madatsun ruwa na Mozage da Zango, waɗanda muke kira baraji. Su ke ba da ruwa ga gandun noman rani na Ƙwanni, mai faɗin fiye da hekta 2,000.

Na biyu, dutsen siminti na Malbaza. Tun 1966 ake yin siminti a garin. Masana sun ce wannan farin dutse ya taru ne a ƙarƙashin wani teku da ya rufe ƙasar nan fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce. Shi ya sa ake tsintar katantanwa da ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse a gefen tuddan Adar. Yaran da ke kiwo sun san su, suna wasa da su. Ga malamin lakkol kuwa, littafi ne buɗaɗɗe.

Na uku, dutsen Masalata, kusa da Birnin Ƙwanni. Azna suna girmama wurin tun kaka da kakanni. Kowace shekara ana yin bukin arwa, jama'a su taru daga nesa su ji abin da za a faɗa game da damina.

Na huɗu, tabkuna. A jihar Tawa akwai tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi. A shekarar 2005 aka sa su cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Da sanyi tsuntsaye suna zuwa can tun daga Turai. Ƙananan tabkunanmu ma suna samun rabonsu: kirinjijiya, da zalɓe, da balbela. Shamuwa kuwa ita ke yi mana albishir da damina.

Na biyar, aikin hannun manoma. A 1975 aka fara dasa layukan bedi, wato dogon yaro, a kwarin Majiya ta wajen Buza, don kare gonaki daga iska. A 1984 aka fara babban aikin gyaran ƙasa na Keita, da taimakon Italiya da hukumar FAO. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun aikin a kansu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Ga kuma albasar Galmi, wadda sunanta ya kai har bakin teku.

Bazaga tana yamma da Ƙwanni. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta fito daga Yamai ta bi ta Dogon Dutsi, tana ratsa ta. Najeriya tana kudu da ita. Ke nan duk matafiyin da ya fito daga yamma zuwa Ƙwanni ko Maraɗi ko Tawa, sai ya wuce ta ƙofarmu. Hanya babban jari ce a wannan sana'a.

Darasi daga Abzin da Kure

Kafin mu yi gaba, mu dubi waɗanda suka riga mu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A ƙasar Abzin, arewa da Agadas, gwamnati ta keɓe gandun Ayar da Tenere a 1988. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Turawa suna zuwa kallon duwatsu, da lambunan Timiya, da rairayin Tenere. Direbobi da 'yan jagora da maƙeran azurfa da masu raƙuma duk suna ci daga ciki. Sai tawaye ya tashi. A 1992 aka sa gandun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995 baƙi suka fara dawowa. Daga 2007 zuwa 2009 wani tawayen ya sake tashi, aka kuma shiga satar Turawa. Sana'ar ta faɗi. Da zinariya ta bayyana a Jado a 2014, da yawa daga cikin masu ita suka koma can. Duwatsun suna nan da kyansu, amma baƙo ba ya zuwa inda yake tsoron ransa.

A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa. A 1996 an ƙidaya 49 kaɗai suka rage. Mutanen ƙauyuka suka yarda su daina kashe su, ko da yake suna cin wake a gonaki. Matasa suka kafa ƙungiyar 'yan jagora. Baƙo ya biya kuɗin shiga, ya biya mai yi masa jagora. Ƙungiyoyin taimako suka gina rijiyoyi, suka ba mata rance. Kafin 2018 raƙuman dawa sun wuce 600. Amma ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2. Daga nan zuwan baƙi ya tsaya na tsawon lokaci.

Mu ma abin ya taɓa mu. A watan Oktoba na 2020 an sace wani Ba'amurke a Masalata, aka ƙetara da shi Najeriya, kafin a kuɓutar da shi.

Abin da muka koya biyu ne. Idan jama'a suna samun amfanin wuri, su da kansu za su tsare shi. Idan kuma gari ya dogara ga baƙin ƙasashen nesa kaɗai, rana ɗaya tana isa ta rufe kasuwarsa.

Su wane ne baƙinmu?

Idan an ce yawon buɗe ido, sai mu tuna da Bature mai ɗaukar hoto. A halin da ake ciki, kada mu yi lissafi da shi. Baƙinmu na kusa su ne waɗannan:

1. 'Yan lakkol da malamansu, daga Ƙwanni da Malbaza da Tawa.
2. Ɗaliban jami'ar Tawa, masu nazarin ƙasa da itatuwa.
3. Ma'aikata da 'yan kasuwa masu neman wurin shan iska ranar hutu.
4. 'Yan uwanmu na Sakkwato da Illelar Najeriya. Tsakanin Ƙwanni da Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Sai dai mu tuna iyaka tana rufuwa, kamar yadda aka yi daga 2019 zuwa 2020, da kuma daga 2023 zuwa 2024.
5. 'Yan cin rani da suka dawo gida da iyalansu lokacin salla.
6. Manoma masu zuwa koyon aiki.

Kada mu raina na shida. A 1989 wani shiri na hukumar FIDA ya kai wasu manoman Illelar Nijar ƙasar Yatenga, a Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa ramu a fako, a zuba taki, a shuka hatsi. Da suka dawo suka gyara tassarmu ta gargajiya, suka ƙara mata faɗi da zurfi, suka sa taki. Cikin 'yan shekaru dubban hekta na fako suka koma gona a wajen Badagishiri. Fakon da ba mai so ya zama abin saye da kuɗi. Daga baya manoman wasu wurare suka riƙa zuwa Illela kallo. Gani ya kori ji. Wannan ma yawon buɗe ido ne, kuma ya cika rumbuna.

Mataki na ɗaya: ƙidaya

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba wanda ya san dajinmu kamar mu. A kira taro a ƙofar mai gari. A tabbata an gayyaci tsofaffi, da mata masu itace da ganye, da Fulani da Buzaye makiyaya, da mahalba, da masu maganin gargajiya, da malamin lakkol.

A share fili, a zana taswirar gari a ƙasa da sanda. A sa dutse a matsayin dutse, ganye a matsayin kurmi, ƙoƙo a matsayin tabki. Sa'an nan wanda ya iya rubutu ya kwafe ta a takarda. Ga amfanin karatun da muke yi.

Kowane wuri a ba shi shafi guda a littafi. A rubuta:

1. Sunan wurin da ma'anar sunan.
2. Nisansa daga babbar hanya, da ƙafa ko da amalanke.
3. Abin da ake gani: kogo, ko maɓuɓɓuga, ko tabki, ko duwatsu masu siffa.
4. Itatuwan da ke wurin: gawo, aduwa, magarya, sabara, geza, anza, kalgo, kuka.
5. Namun daji da tsuntsaye: zomo, dila, damo, bushiya, zabin daji, fakara. A rubuta watan da ake ganinsu.
6. Labarin wurin, kamar yadda tsofaffi suka ba da shi.
7. Mai wurin, da masu amfani da shi.

A rubuta har da abin da ya ɓace. Idan tsofaffi sun ce dā akwai barewa ko gauraka, yanzu babu, a sa a littafi. Wannan zai nuna mana abin da muka yi asara da abin da ya saura mu tsare.

Mataki na biyu: awo

Ba kowane wuri mai kyau ne ya dace da baƙi ba. Mu yi wa kowane wuri tambaya shida. Kowace tambaya a ba ta maki da tsakuwa. Tsakuwa 3, lafiya lau. Tsakuwa 2, da dama. Tsakuwa 1, da rauni. Idan babu komai, sifiri.

1. Kyau da bambanci. Akwai abin da baƙo ba zai gani a garinsu ba?
2. Hanya. Mota tana isa? Da damina kwari yana yanke hanyar?
3. Ruwa da inuwa da likita. Akwai ruwan sha mai tsabta? Awa nawa ne zuwa gidan likita?
4. Tsaro. Mutanen gari da kansu suna zuwa wurin ba tare da tsoro ba? Jami'an tsaro sun yarda?
5. Yardar masu wuri. Mai gona da makiyayi da masu al'ada sun amince?
6. Juriyar wuri. Idan mutum 30 suka taka shi, zai lalace? Tsuntsaye za su gudu?

Jimlar maki ita ce 18. Wurin da ya sami 12 ko fiye, ana iya farawa da shi. Wanda ya sami 7 zuwa 11, a gyara shi tukuna. Wanda bai kai 7 ba, a bar shi. Akwai sharaɗi guda mai ƙarfi: idan tsaro ko yardar masu wuri ya sami sifiri, a ajiye wurin, ko da sauran makinsa sun cika.

Ga misali. A ce wani gari yana da wuri biyu. Na farko tudu ne kusa da hanya, akwai rijiya a gindinsa, daga samansa ana hango fadama. Ya sami 2, 3, 2, 2, 3, 2. Jimla 14. Na biyu kogo ne mai ban mamaki, amma tafiyar awa uku ce, ba ruwa. Ya sami 3, 1, 0, 1, 2, 2. Jimla 9. Kogon ya fi kyau, amma da tudun za a fara. Ku sake lissafin da kanku ku gani ko daidai ne.

Mataki na uku: tsari

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan an zaɓi wuri, ga abin da za a yi kafin baƙo na farko ya iso.

A daidaita maganar ƙasa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo. A je wurinsu a rubuta iyakar wurin. Kada a toshe burtali. Kada a hana dabbobi mashaya. A sanar da hukumar ƙaramar gunduma, da sarki, da ma'aikatan ruwa da daji. Abin da aka yarda a kai a rubuta shi, kowa ya sa hannu.

A kasa wurin kashi uku. Kashi na ɗaya na baƙi ne: inda mota za ta tsaya, da rumfa, da masai. Kashi na biyu na tafiya ne, amma sai da ɗan jagora. Kashi na uku ba mai shiga: inda tsuntsaye ke ƙwai, da maƙabarta, da wuraren al'ada. A wuri irin Masalata, masu al'adar ne kaɗai ke da ikon faɗin abin da za a gani, da abin da za a ɗauki hotonsa.

A fid da turba guda. Kada ta miƙe tsaye daga ƙasa zuwa sama, domin ruwan sama zai bi ta ya mai da ita kwazazzabo, ya kwashe gonar da ke ƙasa. Ta riƙa karkacewa dama da hagu. A jera duwatsu a gefenta. A gefen tudu a yi rabin wata da jeren duwatsu, a bar sabara da geza su tsiro. Wannan aiki yana tsare gona ko baƙo ya zo ko bai zo ba.

A sa iyaka. Makiyayi ya san adadin dabbobin da rijiya ɗaya take iya shayarwa. Haka dutse yake. A fara da ƙungiya ɗaya a yini. Ɗan jagora guda kada ya riƙe fiye da mutum 10 ko 15.

A zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa. An gama girbi, hanya ta bushe, zafi ya sauka, tsuntsaye suna tabki, lambunan albasa sun yi kore. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Da damina kuwa kowa yana gona, ga sauro.

A horar da 'yan jagora, maza da mata. Su san sunan itatuwa da amfaninsu. Su san yadda anza ta ceci mutane a shekarun yunwa. Su san tarihin ƙasa, kamar yaƙin da Sarauniya ta yi da sojojin Faransa a Lugu a 1899, da ɓarnar da sojojin suka yi a Birnin Ƙwanni a wannan shekara. Abin da ɗan jagora bai sani ba, kada ya ƙaga.

A kafa dokoki. Ba sare itace. Ba kunna wuta. Ba zubar da leda, domin tana kashe awaki da shanu. Ba farauta, dokar 1998 ta hana yin ta ba da izini ba. Ba ɗaukar katantanwar dutse ko tsofaffin tukwane, dokar 1997 ta kare kayan tarihi. Idan kowane baƙo ya tafi da ɗaya, gobe ba abin da za a nuna.

Lafiyar baƙo da ta mai gida

Baƙon da ya koma gida da zawo ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa goma. Rigakafi ya fi magani.

Ruwan sha. A tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa. A zuba a randa mai murfi, da moɗa guda mai tsabta.

Masai. A gina na maza da na mata dabam. Ya kasance aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ta ƙasa da ita a gangare. A ajiye buta da sabulu ko toka a bakin ƙofa. Kada mu manta kwalara ta shiga jihar Tawa a 2021. Taron jama'a ba masai, ƙofar annoba ce.

Abinci. Mai sayarwa ta wanke hannu da sabulu, ta rufe abinci saboda ƙuda, ta ba da shi da zafinsa.

Tabki. A kalle shi daga baki. Kada a yi wanka a ciki. Tsutsar tsargiya tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta shiga ta fata. Alamarta fitsarin jini. Akwai maganinta a likita.

Sauro. Wanda zai kwana, a ba shi gidan sauro. Wanda ya yi zazzaɓi, a kai shi a gwada jininsa a ranar.

Zafi da ƙishirwa. A hau dutse da safe ko da la'asar. Kowa ya riƙe gorar ruwa. Idan zawo ya kama mutum, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Maciji da kunama. Kububuwa tana son duwatsu. A sa takalmi rufaffe. Kada a tura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da awarwaro. A kwantar da shi, kada ya motsa ƙafar ko hannun, a ɗauke shi zuwa likita nan da nan. Tun kafin ranar, kwamiti ya san likitar da ke da allurar dafin maciji, da mai mota ko babur da za a kira.

Lissafin kuɗi

Mu yi lissafi da idonmu buɗe. A ce mota ta kawo 'yan lakkol 30, kowa ya biya dala 20. Dala 20 sau 30, dala 600 ke nan, wato jika 3. A ce ana samun irin wannan mota sau 4 a wata, har wata 4. Zuwa 16 ke nan. Jika 3 sau 16, jika 48 a shekara.

Jika 48 ba za ta gina masauki ba. Saboda haka kada a ci bashi don gini. Rumfar zana da tabarmi da randa da masai sun isa a fara. Sannu ba ta hana zuwa.

Ribar da ta fi yawa tana wajen ciniki. Baƙo zai sha fura, ya ci ƙosai da dambun zogale. Zai sayi albasa, da tabarma, da faifai, da tukunya, da zuma. Mai amalanke zai sami haya. Wannan kuɗi yana shiga hannun mata da matasa kai tsaye.

Kuɗin shiga kuwa ana iya kasa shi uku: kashi ɗaya na 'yan jagora, ɗaya na gyaran wurin, ɗaya na asusun gari, don rijiya ko lakkol ko kai marar lafiya likita. Kowane baƙo a ba shi takardar shaida mai lamba. Mai riƙe littafi dabam, mai riƙe akwati dabam. Kwamiti ya ƙunshi mata da makiyaya. Kowane wata a karanta lissafi a gaban jama'a. Kuɗin da ake ɓoye lissafinsa shi ke raba kan gari.

Abubuwan da za a kiyaye

Kada yara su bar lakkol su bi baƙi suna roƙo. Wanda yake son ba da kyauta, ya ba asusun gari.

Kada mutum ɗaya mai kuɗi ya saye dutsen ya kewaye shi, mata su rasa inda za su sami ganye da itace.

Kada a ba masu fasa tsakuwa wurin da aka zaɓa. Tsakuwa sau ɗaya ake sayar da ita. A nuna musu wani gefen, da yardar hukuma.

Kada a kai baƙo ko'ina ba da sanin jami'an tsaro ba. Idan an ji ƙishin-ƙishin, a dakatar da ziyara. Asarar jika 3 ta fi asarar rai sauƙi.

Kowace shekara, bayan sanyi, a sake zama. A duba littafi. Baƙi nawa suka zo, kuma daga ina? Itatuwa sun ƙaru ko sun ragu? Tsuntsaye sun dawo? An yi rigima? A sake yin awon tsakuwa. Wurin da makinsa ya sauka, a ba shi hutu kamar yadda ake ba gona.

Ko da baƙi ba su zo da yawa ba, garin da ya bi waɗannan matakai bai yi asara ba. Ya sami taswirar ƙasarsa, da tarihin tsofaffinsa a rubuce, da masai, da ruwa mai tsabta, da tudun da ya daina zubo wa gonaki yashi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu muka koya daga Abzin da Kure?
2. Me manoman Illela suka koyo a Yatenga a 1989?
3. Faɗi tambayoyi shida na awon wuri. Waɗanne biyu ne ba a yarda su sami sifiri ba?
4. Don me ba a son turba ta miƙe tsaye a kan tudu?
5. Mita nawa ya kamata a bari tsakanin masai da rijiya?
6. Idan mutum 25 suka biya dala 40 kowannensu, jika nawa aka samu?

Aikin mako

Kowane aji ya zaɓi wuri biyu a ƙasar garinsu. Ku je ku gani da idonku, tare da tsoho ɗaya da mace ɗaya da makiyayi ɗaya. Ku cika shafin ƙidaya, ku yi awon tsakuwa, ku kawo wa malaminku a karanta a gaban aji. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.